Sallamar da Ta Shiga Kaset

A hutun daminar da na gama aji biyar na sakandare, farkon shekarun casa'in ke nan, Kawu ya sauka a gidanmu na Unguwar Kanawa da wani ɗan akwati mai ruwan toka a jakarsa. Kawu ƙanin Inna ne, ɗan kasuwa a Kano. 'Ya'yansa ya sayo wa abin, amma da yake harkar da ta kawo shi Kaduna za ta ɗan ja lokaci, sai ya ce mu ɗana kafin ya tashi. Gem ya kira shi. Yayana ya haɗa wayoyin a bayan talabijin, ya hura wa kaset ɗin wasan iska kamar mai hura gawayi, ya cusa shi, ya danna. Nan take falonmu ya cika da wani sauti da ban taɓa ji ba, siriri mai tsini, sai ka ce an kama gyare an koya masa waƙa.

Baba ya sauke jarida ya dube mu ta saman tabarau. "Wannan kukan gyaren, in ina gida ba na son jin sa."

Shi ke nan doka ta kafu. Gem sai Baba ya tafi ofis.

Wasan na wani ɗan masunci ne da bai fi ƙwayar gyaɗa ba a fuskar talabijin. Yana tuƙa kwalekwale, yana tsalle daga dutse zuwa dutse, kadoji na hangame baki suna jiran ya zame. Kaka, mahaifiyar Baba, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe su ma can sun san Kaduna."

Ni masuncin bai dame ni ba. A lokacin duniyata tana cikin littattafan soyayya da nake haya a wani ɗan shago na bakin titi, in ɓoye su a tsakiyar littafin lissafi. A cikinsu na koyi cewa kowace soyayya da alamarta: wata hankici mai turare, wata fure, wata zobe. Ba ni da saurayi, ko mai kama da shi, amma na gama tsara shi a raina tsaf. Na san launin motarsa, na san yadda zai sunkuyar da kai in ya gan ni. Alamar ce kawai ban samo mana ba.

Wata rana da hantsi, ina kwance a doguwar kujera ina karatu, Yaya ya yi sa'ar da bai taɓa yi ba, ya tsallake kogin ƙarshe. Masunci ya sauka a gaɓa, ya shiga wata 'yar bukka, fitila ta kama a tagarta, taurari suka fito ɗaya bayan ɗaya. Sai kiɗan ya sauya. Duk gaggawar nan da tsalle-tsalle suka lafa. Wata siririyar murya ta fara tafiya a hankali, wata ta biyo ta a baya kamar mai rakiya, a ƙarƙashinsu kuma wata mai kauri tana takawa kamar dattijo. Ban san lokacin da littafin ya faɗi daga hannuna ba. Tsawon kiɗan bai wuce shan kofin shayi ba, sai ga masunci ya koma kogin farko kamar ba a yi komai ba.

"Yaya, maimaita."

"Ke, kin san wuyar da na sha kafin in kai nan?"

Na yini ina rera shi a maƙogwaro don kar ya gudu. Kafin magariba ya zube, kamar mafarkin da aka farka a tsakiyarsa. Yaya ya gwada har yatsunsa suka yi kanta, bai ƙara ganin bukkar ba. Kiɗan ba shi da sunan da zan tambaya a shagon kaset, ba a sa shi a rediyo, rubutun jikin kaset ɗin gem ɗin ma na mutanen gabas mai nisa ne, mai kama da ƙananan gidaje. Kuma na san ranar da Kawu ya gama harkarsa, akwatin zai koma jaka ya tafi Kano da kiɗana a cikinsa. Sai na ƙudura lallai sai na ɗauke shi. Inna tana da 'yar rikoda mai hannu, ni kuma ina da tsohon kaset. Na toshe ramukan bayansa da takarda yadda zai karɓi sabuwar ɗauka, na ajiye shi a ƙarƙashin filo.

Saura wanda zai kai masunci bukka.

Yaya yana da wani abokin ƙwallo, Bazazzagi, mai koyon gyaran rediyo a Babbar Kasuwa, yana zaune a Kinkinau wajen wansa. Ranar da adaftar gem ɗin ta yi zafi ta fara ƙauri, shi Yaya ya ɗauko ya gyara ta a baranda. A nan ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, wai wannan wasan a shagonsu da ido ɗaya yake gama shi.

To amma gidanmu ba a shiga. Namijin da ba ɗan gida ba iyakarsa baranda. Talabijin ɗin kuwa tana cikin wani ƙaton akwatin katako mai ƙofofi, ba mai iya gusar da ita Baba bai gane ba. Kaka ce ta warware. Tagar falo tana kallon farfajiya, sai ta ce a buɗe gilasan, a zura wayar abin dannawar ta tsakanin ƙarafa, ya tsaya daga waje. Ita kuma ta shimfiɗa dardumarta tsakanina da tagar, carbi a hannu.

"Dama Bazazzagi wurinsa waje," in ji ta, da yake ita Bakanuwa ce, akwai wasa tsakaninsu. "Bawa ba ya zama da iyayen gidansa."

"Hajiya, ai haka Bakano yake," ya amsa daga bayan gilas. "In abu ya gagare shi, mu yake aikowa a kira."

"Ji bakinsa! Tuƙa kwalekwalenka, ɗan nema."

Ranar farko ban iya haƙuri ba. Na tambayi Yaya da ƙarfi, yadda na waje zai ji, wai a ina ƙaramin kaset ɗin kiɗan yake ɓoye a cikin akwatin? Don ni a zatona can wata ƙasa aka tara masu sarewa suka busa, aka naɗe.

Bazazzagin ya yi dariya har ya jingina da bango. Ya sa Yaya ya miƙo masa akwatin ta taga, ya kwance shi, ya nuna mana wani baƙin abu mai ƙafafu da yawa kamar kyankyaso. Ya ce babu kaset, babu makaɗi. Wannan ne yake kunna wuta yana kashewa da saurin da ido ba ya gani, in ya yi sauri murya ta yi siriri, in ya sassauta ta yi kauri. Wurin ajiyarsa ƙarami ne, ba zai ɗauki kiɗan gaske ba, shi ya sa wani ya zauna ya rubuta masa kiɗan da lambobi, shi kuma yana karantawa yana rerawa sabo fil duk lokacin da aka kunna. Muryoyinsa ma 'yan kaɗan ne, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

"Ki saurara," ya ce, ya manta da Yaya ya kamata ya yi wa magana. "Duk sanda masunci ya yi tsalle, murya ɗaya takan bar waƙa ta je ta yi ƙarar tsallen, sannan ta dawo. A bukka ne kawai ba mai tsalle. Shi ya sa a can suke haɗuwa duka."

Kaka ta yi gyaran murya, ya mai da idonsa kan talabijin. Ni kuwa na tafi can ina hango mutumin da ya rubuta lambobin. Na ba shi ɗaki a ƙasa mai sanyi, na ba shi taga, na ba shi wata mace da ta tafi ba ta dawo ba. Na tabbata saboda ita ya ɓoye mafi daɗin kiɗansa a inda sai wanda ya wahala zai ji.

Kai masunci bukka bai zame wa Bazazzagin wahala ba. Yakan zo bayan azahar in maigidansa ya sake shi, ya jingine kekensa, ya kama aiki. Wahalar tana cikin gidanmu. Rikodar Inna ba ta da wayar da za a haɗa da talabijin, sai dai a kanga ta a bakin lasifika, kuma duk abin da ya motsa a falo sai ta kwashe. Ƙofar gidanmu kuwa ba ta hutawa. Mai aron rariya, mai tallan awara, mai sayen kwalabe, mai zuwa barka da ta ɓata gida. Kowa da sallamarsa, kuma kowace sallama Kaka sai ta amsa ta tun daga kai har wutsiya.

Karon farko da fitilar bukka ta kama, na danna maɓallan rikoda biyu, na riƙe numfashi. Muryar farko ta fara tafiya ke nan, sai daga tsakar gida: "Salamu alaikum, masu gida!"

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu! Maraba, lale, shigo mana!"

"Kaka! Don Allah!"

"Don Allah me? Sallama haƙƙi ce, 'yar nan. Ba zan tsaya gaban Ubangiji in ce gyare ne ya hana ni amsawa ba."

Wani karon aka ɗauke wuta masunci na tsakiyar kogin ƙarshe. Wani karon ruwa ya sauko a kan kwano kamar ana zuba tsakuwa, abin da kaset ya kama sai shuuu. Akwai ranar da komai ya tafi daidai har kusan ƙarshe, sai Yaya ya yi atishawa. Da ya tsaya nan da sauƙi, amma ya ce alhamdulillahi, Kaka ta yi masa addu'a, shi ma ya mayar mata. Kowane kuskure kuwa sai an koma kogin farko.

A cikin wannan komawa da komawar ne na fara kallon taga fiye da talabijin. Gilasan sun yanka shi gida-gida: idanu a wani layi, baki a wani, hannuwa a ƙasa. Ko kaɗan bai yi kama da wanda na tsara ba. Ba mota, sai keke mai ƙarar sarƙa. Ba turare, sai ƙaurin dalma. A babban yatsansa akwai tabon ƙuna. Amma in an ɓata ɗauka ba ya tsaki, sai ya share gumi da kafaɗa ya ce, "Mu koma, masunci bai gaji ba." Wata rana yana naɗe waya ya ce, kamar da ƙarfen taga yake magana, "Na sha kaiwa bukkar nan a shago. Ban taɓa tsayawa na saurara ba sai a gidan nan." Na shiga ɗaki na duba littattafaina kaf, ban sami wanda ya faɗi abin da ya kai wannan ba.

Sai Kawu ya ce ya gama, ranar Asabar da sassafe zai kama hanya. Juma'a ce kaɗai ta rage mana.

Yaya ya zo wa Kaka da abin da ya koyo a Islamiyya, wai in mutum ɗaya a cikin jama'a ya amsa sallama, ya ɗauke wa sauran.

"Na san wannan tun ba a haifi ubanka ba," in ji Kaka. "To wa zai amsa?"

Aka shirya Yaya zai zauna a bakin ƙofar gida, duk wanda ya zo ya tare shi can ya amsa masa ƙasa-ƙasa. Kaka ta yi alkawarin kame bakinta muddin wani zai sauke haƙƙin. Baba kuwa ba mu sa shi a lissafi ba, don duk Juma'a daga masallaci yakan wuce Kinkinau gaida yayarsa, sai dab da magariba ya dawo. Ba ɓoye masa muka yi ba, Inna ma ta sani. Kawai dai ba wanda ya ga dalilin kai wa Baba labarin gyare.

Bayan an sauko daga masallaci hadari ya haɗu, aka fara yayyafi mai laushi, irin wanda ba ya ƙara a kan kwano. Bazazzagin ya zo da farar rigarsa ta Juma'a, ya maƙale lema tsakanin wuya da kafaɗa, ya karɓi waya ta taga. Ranar ko wasa da Kaka bai yi ba. Kogi bayan kogi yana wucewa, ni ina durƙushe gaban lasifika, yatsuna biyu a kan maɓallai. Da aka iso kogin ƙarshe sai na ji motsi a bayana. Yaya ne. Ya kasa daurewa, ya bar ƙofa ya lallaɓo ya ga yadda za a tsallake kadan da ya sha cinye shi. Na harare shi, amma ba damar magana, masunci ya riga ya taka gaɓa.

Fitila ta kama. Na danna.

Muryar farko ta fito, ta biyu ta biyo ta. Gidan ya yi tsit, har ina jin jujjuyawar kaset. Idona ya ciko. Na ce a raina, yau dai na kama ka.

"Salamu alaikum."

Daga bakin ƙofar gida ta zo, kuma ba mai aron rariya ba ce. Baba ne. Hadarin ya sa ya fasa zuwa Kinkinau. Baba kuwa yana da wata ɗabi'a: ko gidansa ne, ba ya sa ƙafa sai an amsa masa, saboda ko akwai matan maƙwabta a tsakar gida.

Bakin Kaka ya buɗe da kansa. Na dube ta, ta dube ni. Sai ta kama gefen mayafinta ta cusa a baki, ta zaro wa Yaya ido. Yaya ya daskare a bayan kujera, don ƙofar falo tana da ƙara, in ya taɓa ta komai ya lalace.

"Salamu alaikum!"

Ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Duk mun san ta ukun da bugun ƙofa za ta zo, kuma mun san mayafi ba zai riƙe Kaka har can ba. Sai na ga abin dannawa yana lilo a jikin taga ba kowa a bayansa. Lema ta faɗi. Silifa suka yi fat-fat-fat a cikin ruwa suka nufi ƙofa.

Abin da ya faru a can daga bakin Baba muka ji, don ya yi shekaru yana ba da labarin. Wai yana tsaye a ƙofar gidansa, sai ga wani saurayi da bai taɓa gani ba, jiƙe sharkaf, ya durƙusa a gabansa ya ce da raɗa, "Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da zuwa, Baba. Don Allah a ɗan dakata, ana ɗaukar kiɗa." Baba ya ce mamaki ne ya riƙe shi, ba biyayya ba. Ya tsaya a cikin yayyafi da dardumarsa a kafaɗa, yana kallon yaron, yaron yana kallon ƙasa.

A falo muryoyin suka gama tafiyarsu, suka sauka tare a hankali. Masunci ya koma kogin farko. Na danna tsayawa. Kaka ta zare mayafi daga baki ta saki amsar da ta riƙe, cikakkiya, da ƙarfin da sai da maƙwabta suka ji.

Baba ya shigo hularsa na ɗiga. "Wane ne wannan da yake tare ni a ƙofar gidana yana amsa min sallama?"

"Bawanmu ne na Zazzau," in ji Kaka. "Ka ga kuwa ya fi ɗanka sanin haƙƙin ƙofa."

"Kiɗan me ake ɗauka?"

Na mai da kaset baya na kunna. Baba ya saurara a tsaye. Kiɗan ya fito tas, sai can ƙasa-ƙasa muryarsa ta ratso, ta sake ratsowa, silifa suka ruga, sannan kiɗan ya ci gaba shi kaɗai har ƙarshe. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

"Ashe gyaren nan ya iya abin kirki in ya nutsu," in ji Baba. Ya juya wajen taga. "Kai, hau baranda ka fita daga ruwa. A ba shi shayi."

"Wanda ya amsa sallamar gida," Kaka ta ce tana jan carbi, idonta a kaina, "ai ya kama hanyar zama ɗan gida."

Na suri rikoda na gudu ɗaki.

Da safe Kawu ya tafi da akwatinsa, ban ko leƙa ba. Maganar Kaka kuwa ba a shekarar ta tabbata ba, sai da na gama makaranta, shi ma ya buɗe nasa shagon. Motar da na zaɓa wa launi ba ta taɓa zuwa ba. Keken nan dai mai ƙarar sarƙa shi ya yi ta zuwa, har Baba ya gaji ya ce a turo manya.

Yanzu autanmu irin wannan kiɗan yake haɗawa a kwamfuta. Na ɗauka abin ya mutu tare da talabijin mai ƙofofi, sai ya nuna min a waya yadda matasa a ƙasashe daban-daban suke farautar tsofaffin akwatunan nan, suna sa su sababbin waƙoƙi, har a taru ana rawa. Kwamfutarsa za ta iya fitar da muryoyi ba iyaka, amma da gangan yake tsayawa a kan 'yan kaɗan ɗin nan, wai a ƙuncin daɗin yake. Na tambaye shi, in akwatunan suka ƙare fa? Ya ce sautin ba ya cikin akwati, duk inda za a iya kunna wuta a kashe, za a iya tashinsa, ko bayan jikokin jikokinsa. Babansa daga kan kujera ya ce, "Abin da na gaya mata ke nan ta taga, ba ta ji ba, tana kallona."

Autan ne ya kwashe min kaset ɗin ya zuba a waya kafin ya lalace. Ya ce zai iya goge hayaniyar da ke tsakiya, kiɗan ya fito shi kaɗai. Na ce ya bar min hayaniyata. Baba da Kaka duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, kuma muryar Baba ba ta rage a ko'ina ba sai a nan.

Nakan kunna shi in hadari ya haɗu. Duk lokacin da aka zo wurin sallamar, maigidan yakan amsa daga inda yake zaune, ƙasa-ƙasa, kamar yadda ya yi a ƙofa. Ni kuma in ce ya yi mana shiru, ana kiɗa.